Sharhi kan wani gidan agashe a Kasala: nama a gaban rumfa, tuwo a bayan labule

A garin Kasala da ke gabashin Sudan, duk wanda ya haye gadar kogin Gash ya nufi unguwannin yamma bayan sallar magariba, ƙamshin gyaɗa da kitse a bakin garwashi ne zai fara tarbarsa tun kafin ya hango masu gashin. Wuraren sayar da agashe, wato tsiren Hausawan Sudan, suna da yawa a wannan ɓangare na gari, galibinsu kuma ba su wuce tebur ɗaya da fitila da tarin yashi ba, amma akwai guda da ya bunƙasa har ya zama gidan abinci na sosai, mai rumfa da kujeru da ma'aikata, kuma a kansa nake son yin wannan sharhi. Mutanen unguwa da sunan mai shi suke kiransa, ni kuwa zan bar sunan, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai ƙorafi, kuma bai dace a rataya wa dattijo ƙorafi da sunansa a intanet ba. Naman wannan gida yana cikin mafi kyawun da na ci a gabashin Sudan, sai dai gidan yana ɓoye rabin abin da ya iya, kuma dalilin ɓoyewar ya dame ni fiye da duk wani aibi da na gani a wurin.

Abin da ya kamata mai zuwa ya fara tsayawa ya kalla shi ne wutar. Ba a ɗora naman a kan ragar ƙarfe, kamar yadda wasu sababbin gidajen abinci suka koma yi saboda sauri. Tukuba ce ta yashi a kan faffaɗan dandamalin ƙasa, an rura gawayi a tsakiyarta, an kakkafa tsinkayen nama a kewaye, kowanne ya ɗan sunkuya wajen wutar ba tare da harshenta ya taɓa shi ba. Zafi ne kaɗai ke isa ga naman, kitsen da ya narke kuma yana bin jikin tsinke ya shige cikin yashi, maimakon ya ɗiga a garwashi ya tayar da baƙin hayaƙin da ke sa nama ɗaci. Babban ɗan mai gidan ne ke zaune a bakin tukubar, kuma ba ya barin tsinke ya daɗe a wuri ɗaya: wanda ya fara ja sai ya tuge shi ya mayar da shi baya inda zafi ya yi sauƙi, ɗanye kuma ya matso da shi gaba, yana yi yana shafa musu man gyaɗa da wani farin ƙyalle da aka ɗaure a bakin sanda. Aiki ne na haƙuri, kuma mai gaggawa zai ɗauka an manta da shi.

Daɗin agashe ko rashin daɗinsa daga garin da ake barbaɗa masa yake fitowa, kuma a nan ne gidan ya yi wa maƙwabtansa fintinkau. Da kansu suke yin ƙuli-ƙulinsu. Gyaɗar daga gonakin Sabuwar Halfa ake kawo musu ita, a soya, a murje ɓawon, a niƙa, a matse man, a soya tunkuzar har ta yi ƙarau, sannan a daka ta da citta da kanumfari da masoro da gishiri. Wasu masu gashi, musamman tun da kaya suka yi tsada, suna ƙara garin masara ko dakakken busasshen burodi don garin ya auku, kuma mai ci yakan gane, domin irin wannan gari yana daskarewa a jikin nama ya zama kamar ƙullu. Na wannan gida kuwa yana kama naman ya yi masa ɓawo siriri mai ƙaras-ƙaras, cikin kuma ya rage da ruwansa. Sau biyu suke barbaɗawa, na farko tun da la'asar bayan an yanka naman fale-fale an jera a tsinke, a bar shi ya sha yaji, na biyu kuma bayan an yi masa juyin farko a bakin wuta. Idan ya nuna sai a zare shi a kan tire, a yanka albasa a kai, a ajiye lemun tsami da ƙarin yaji a gefe, tare da zagayayyen burodin nan na Sudan mai ɗumi.

Naman shanu shi ne gwanintarsu, kuma shi nake ba kowa shawarar ya fara da shi. Na rago yana da daɗi ga mai son maiƙo. Kaza kuwa ba ta kai su ba, domin ƙirjinta yakan bushe kafin cinyar ta nuna. Kifi sai a yi hattara: kogin Gash ba ya kawo ruwa sai da damina, teku kuma tana da nisa, don haka kifin daga madatsar ruwa ta Khashm al-Girba ake ɗauko shi, kuma ranar da ya iso ce kawai ya cancanci a saya. Ma'aikatan ba sa ɓoyewa idan an tambaye su, wannan kuma abin a yaba musu ne.

Na sha zama da 'yan'uwanmu da suka zo daga Nijeriya da Nijar, ɗalibai da 'yan kasuwa, na ji suna cewa agashe tsire ne da ya rasa ƙarfinsa: barkono bai ji ba, babu kimba, lemun tsami ya yi yawa, ga wani ƙamshi na kusbara da kamun da ba su saba ji a tsiren Kano ko na Maraɗi ba. Duk abin da suka lissafa haka yake, amma ban yarda da hukuncin da suka yanke a kai ba. Auna agashe da ma'aunin Kano kuskure ne, domin masu yin sa ba jiya suka baro gida ba, kuma ba ƙoƙarin kwaikwayon kowa suke yi ba. Sun sassauta barkono ne saboda a Sudan mai son zafi da kansa yake ƙara shatta, wato yajin barkono, a gefe. Kusbara da kamun sun shigo ne saboda su ke cikin kowane kicin daga Kasala har Umdurman, kuma matan da ke haɗa yajin a kasuwar nan suke cefane kamar kowa. Abin da baƙo ke ji a matsayin ragi, ni ina jin sa a matsayin shaidar zama: fiye da shekara ɗari na auratayya da maƙwabtaka da cin kasuwa ɗaya ne suka sauka a kan wannan tsinke.

Wannan zama yana da tarihi sananne. Kakanninmu da yawa hanyar aikin hajji ce ta kawo su, a ƙasa, daga Kano da Sakkwato da Katsina, su bi ta Borno da Abeshe, su shigo ta Jinaina da Fashir da Ubayyid, su nufi Sawakin inda ake haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana tsayawa a yi noma ko ƙodago a tara guzuri, kuma da yawa sun tsaya ba su ƙara tashi ba, wasu a tafiya wasu a dawowa. Babban ayari ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, da kuma layin dogo ya iso Kasala a 1924 don kwasar audugar da ake nomawa a bakin Gash, hannun Hausawa na cikin waɗanda suka yi noman da tsinkar. A garin nan na Kasala aka haifi A'isha al-Fallatiyya, 'yar mutanen da suka fito daga ƙasar Sakkwato, wadda ta zama ɗaya daga cikin matan farko da aka ji muryarsu suna waƙa a gidan rediyon Umdurman a shekarun 1940, ta rasu a 1974, kuma har yau 'yan Sudan na kowace ƙabila suna ƙirga ta a cikin manyan mawaƙan ƙasarsu. Mai wannan gidan abinci jikan irin waɗannan mutane ne. A Kasala aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa, kuma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba.

Agashe ya bi sahun waƙar A'isha, ya fita daga unguwannin Hausawa ya zama abincin ƙasa. Ana cin sa a Khartum da Bur Sudan da Gadarif, kuma 'yan Sudan da yaƙi ya kora zuwa Alƙahira da Riyad suna sayar da shi a can da sunan abincin Sudan, ba tare da kowa ya ga baƙon abu a ciki ba. Zama ɗaya a ƙarƙashin rumfar wannan gida ya isa ya nuna haka. Ga Hadandawa da 'yan Bani Amir, ƙabilun gabashin Sudan, waɗanda su ma suna da nasu gashin na gado, salat, da ake yi a kan duwatsu masu zafi, amma sun zo cin na maƙwabta. Ga Rashayida, ga direbobin manyan motoci da ke bin hanyar Bur Sudan, ga kuma iyalan da suka baro Khartum bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilu 2023, da waɗanda suka baro Wad Madani a watan Disamba na wannan shekarar. Akwatin talabijin da ke rataye a ginshiƙi yana nuna wasan ƙwallo, ana musu kan ƙungiyoyin Hilal da Marrikh na Sudan da Larabci, ana cin nama da hannu a tire ɗaya.

Abin sha ba shi da matsala. Zoɓonsu yana da kauri, ruwan tsamiya da na 'ya'yan kuka suna da sanyi idan akwai wutar lantarki, mai jabana kuma tana zaune a bakin ƙofa tana soya gahawa da citta yadda mutanen gabas suke so. Godo-godo, wanda ake yi da gero da nono, shi ma ya samu shiga allon farashi tun da ya karɓu a wajen kowa, sai dai sun cika masa sukari har ɗanɗanon geron da tsamin nonon sun ɓace. Wanda ya san shi a gida ya ce a dama masa ba sukari, ya zuba da kansa.

Amma duk wannan rabin gidan ne. A ƙarshen rumfar akwai labule, bayan labulen akwai tsakar gida inda uwargidan mai wurin, wadda ake kira Inna, da 'ya'yanta mata suke girki, kuma abin da suke dafawa ba ya cikin allon da ke rataye a ƙofa. Sai wanda ya sani, ya kira yaro ya tambaya da Hausa ko akwai tuwo, sannan za a fito masa da shi. Tuwon dawa ne, an tuƙa shi da ɗan ruwan kanwa, ya yi santsi ba gudaji, an malmala shi a kwano, ba irin asida, tuwon 'yan Sudan, da ake tsuga wa ƙullu mai tsami ba. Miyar kuka ce ko ta busasshiyar kuɓewa, da ƙashin rago da ya daɗe a wuta. Kalwa ba ta samuwa a wannan yanki, don haka Inna da 'ya'yan zoɓo take yin daddawarta, irin wadda ake kira daddawar batso a ƙasar Hausa, kuma ƙamshinta ya fi na kalwa kaifi, yana ratsa miyar har ƙasan tukunya. Na ga yadda take kaɗa kukar, tana barbaɗawa da hagu kaɗan-kaɗan tana juya maburgi tsakanin tafin hannu da gefen tukunya, ba ta ɗaga kai ba sai da miyar ta haɗe ta yi yauƙi. A ƙarshe ta zuba ɗan man shanu a kai. Da safe suna yin ƙosai da kunun tsamiya, ranar Juma'a kuma waina. Ban ci abin da ya kai wannan tuwo daɗi a gidan ba, har da naman da ya yi musu suna.

Wanda ya matsa kusa da allon farashi zai ga cewa ƙasansa an shafe shi da shuɗin fenti, kuma a ƙarƙashin fentin ana iya hango inuwar haruffan Larabci da aka taɓa rubuta tuwo da waina da ƙosai da su. Wannan ne ya sa na tambayi mai gidan, wata rana bayan sallar isha'i da jama'a suka ragu. Na ce, “Baba, me ya sa tuwon Inna ba ya kan allo, alhali ya fi komai daɗi?” Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, “Ɗana, nama na kowa ne, tuwo kuwa namu ne. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.” Daga nan ya bayyana mini cewa a watan Yuli na 2022 ya shafe rubutun, bayan ya yi kwanaki gidan yana rufe.

Duk Bahaushen Sudan ya san abin da ya faru a wannan wata. A jihar Shuɗin Nilu rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu aka ƙi, bisa hujjar cewa sarauta tana tafiya ne da mallakar ƙasa, su kuwa ba su da ƙasa a can. An kashe fiye da mutum 100 a yankin Damazin da Rusairis, dubbai suka bar gidajensu, sannan rikicin ya sake tashi a watan Oktoba a Wad al-Mahi da asarar rayuka mai yawa. Hausawa sun fito zanga-zanga a garuruwa da dama, a nan Kasala kuma abin ya kai ga ƙona gine-ginen gwamnati da shaguna, aikin da ban goyi bayansa ba a lokacin kuma ba na goyon bayansa yanzu, domin ya ƙara nisanta mu da maƙwabtan da muke buƙatar su tsaya tare da mu. Tsoron dattijon yana da tushe da ya girmi 2022. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta shardanta cewa sai mutum ya nuna shi ko kakanninsa ta wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897, sharaɗin da ya bar jikokin mutanen Burmi a waje duk da cewa a nan aka haife su. Dokar 1994 ta dawo da wannan rana zuwa 1 ga Janairu 1956, ranar samun 'yancin kai, a takarda kuma magana ta ƙare. Amma har yau akwai Hausawa da ke ba da labarin yadda aka nemi su kawo ƙarin shaidu a wajen neman takardun ƙasa, abin da ba a nema daga wanda ke gabansu a layi ba. Mutumin da ya girma yana jin irin wannan a bakin iyayensa, ba abin mamaki ba ne idan ya ga tashin hankali ya ɗauko fenti.

Na fahimce shi, kuma ina girmama shi, amma ina ganin lokaci ya yi da zai mayar da rubutun. Shafewar ba ta kare shi daga komai ba, domin babu wanda ke zama a rumfarsa da bai san ko shi wane ne ba, kuma babu mai cin agashe a Sudan da bai san daga hannun wa ya fito ba. Abin da ya ci rayuka a Shuɗin Nilu rigimar ƙasa da sarauta ce da 'yan siyasa suka hura, ba jerin abinci a allo ba. A cikin garin nan kuma, mutanen da asalinsu ya haɗa da Iritiriya da Habasha suna sayar da zigni da injera, miyar nama da gurasarsu ta gado, a fili, matan Darfur suna sayar da asida da miyar kawal, wadda ake yi da ganyen tafasa, Hadandawa suna gasa salat ɗinsu a gindin duwatsun Taka, kuma ban ji wanda ya ce wannan ya rage musu wani abu na zama 'yan gari ba. Idan kowa ya kawo abin da ya gada ya ajiye a gaban jama'a, mu kuwa muka kawo rabi muka ɓoye rabi, to mu da kanmu muke tabbatar da zargin cewa akwai wani ɓangare namu da bai cancanci a gan shi a Sudan ba. Akwai kuma wata asara da ta fi kusa. 'Ya'yan Inna sun iya tuƙa tuwo da kaɗa kuka, amma jikokinta ful, wato dafaffen waken Sudan, da burodi suke nema da safe, kuma sana'ar da ba ta kawo kuɗi ba a cika samun mai koyonta ba. Agashe ya rayu ne saboda an fito da shi kasuwa. Tuwon da aka bari a bayan labule zai iya tafiya tare da masu tuƙa shi.

A ɗaya ɓangaren kuma, ban goyi bayan wasu samarinmu da na ji suna ba shi shawarar ya sa wa gidan sunan wani birni na ƙasar Hausa ya liƙa tutar Nijeriya a bango ba. Ya ƙi, kuma ya yi daidai. Tutar Sudan ce a kan teburin da yake karɓar kuɗi, kabarin mahaifinsa da na kakansa a nan suke, yaƙin da ake yi ya taɓa danginsa a Sinnar da Jazira kamar yadda ya taɓa dangin kowa, kuma ba shi da wata ƙasa da zai koma. Abin da nake roƙonsa bai wuce ya rubuta tuwo a ƙarƙashin agashe da haruffan da ya rubuta agashe da su ba, ya bar Bahadande da mutumin Khartum su ɗanɗana su yanke hukunci da kansu. Mutanen da suka saba da asida da miyar busasshiyar kuɓewa ba za su ga tuwon dawa baƙo ba.

Harshen da ake hidima da shi a gidan yana tafiya a kan wannan tsari na gaba da baya. Da Larabci yaran ke tarbar kowa, wannan kuma daidai ne a gari irin Kasala. Idan ka yi musu Hausa sukan amsa da fara'a, Hausar da Larabci ya ratsa ta ko'ina, musamman a lissafin kuɗi. Inna ce kaɗai ke yin ta tsantsa, da karin mutanen Sakkwato da ta gada daga kakarta. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda ƙananan cikinsu ke rage murya idan za su amsa da Hausa a gaban baƙi, alhali teburin da ke kusa ana ta hira da Beja, harshen Hadandawa, da ƙarfi ba wanda ya waiwaya.

Sauran aibobin gidan na yau da kullum ne, amma ɗaya daga cikinsu ba ƙarami ba ne. Wurin wanke hannu buta ce da kwano ɗaya da kowa ke wankewa a ciki, sabulu wata rana akwai wata rana babu, ruwan sha kuma randa ce da moɗa ɗaya. A garin da cutar kwalara ta yi wa ɓarna bayan ɓullarta a watan Agusta na 2024, kuma a gidan da ake ci da hannu, wannan sakaci ne da ya kamata a gyara kafin komai. Tanki mai famfo da sabulu ba zai kai kuɗin cinikin dare ɗaya ba. Har sai an gyara, mai zuwa ya sayi ruwan gora, ya wanke hannunsa da shi. Naman kansa ban ga abin zargi a tsabtarsa ba, domin a rufe yake da ƙyalle kafin a gasa, kuma na ranar ne.

Wurin zaman mata da iyali shi ma bai yi ba. Wani lungu ne kusa da labulen girki, kujerunsa kaɗan, iska ba ta shiga, hayaƙin murhu kuma a nan yake taruwa. Iyalan da suka zo daga Khartum da Madani sun saba fita cin abinci da mata da yara, kuma na ga waɗanda suka leƙa suka juya, suka ce a ƙunshe musu su tafi da shi. Ga fili a gefen rumfar da za a iya kewayewa da zana a zuba kujeru. Haka nan babu tsari wajen karɓar oda: wanda ya fi ɗaga murya ko wanda yaran suka sani shi ake fara sallama, mai kunya kuwa sai ya gaji da jira.

Farashi da alli ake rubuta shi, domin yana sauyawa yadda kuɗin dabba da gawayi ke sauyawa. Tsinkensu ya ɗan fi na maƙwabta tsada, amma tsoka ce zalla ba a cika shi da kitse da jijiya ba, don haka ban ga cuta a ciki ba. Tuwo kuwa yana da araha ƙwarai, har ina ganin Inna ba ta samun ladan wahalarta. Tun da aka canja manyan takardun kuɗi a watan Disamba na 2024 tsabar kuɗi ta yi wuya a hannun mutane, mafi yawan masu ci ta waya suke biya, kuma idan intanet ta ɗauke dattijon yakan ce mutum ya tafi ya turo daga baya, ko ya san shi ko bai san shi ba. Na ga ya yi wa Barashide haka, na ga ya yi wa ɗan gudun hijira.

Mai son ya ci a natse ya zo tsakanin magariba da isha'i a tsakiyar mako, domin daren Alhamis wurin ba ya da masaka tsinke. Ya nemi naman shanu, ya ce a bar masa shi ya ɗan ƙara jin wuta idan yana son ɓawon ya yi ƙarfi. Mai son tuwo ya aika tun da rana a ajiye masa, saboda tukunya ɗaya ake yi kuma 'yan unguwa sun san lokacin sauke ta. Waina kuwa ranar Juma'a kaɗai ake soyawa, kuma takan ƙare kafin a tafi masallaci.